Amsar Kawu kan Auren Jikan Makaɗi

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso. Kin ce yaron da ke neman aurenki malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai natsuwa, amma da aka yi bincike sai aka tarar kakansa makaɗin kalangu ne, innarki kuwa ta ce ba da ita ba. Kina tambaya yadda mutanen da ba su iya biki sai da makaɗi za su ƙi haɗa zuri'a da shi.

Sai kin fara sanin wane ne makaɗi a ƙasar nan. Da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a bakin gulbi, nan Maraɗi. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu, kamar yadda na Tsibiri yake Sarkin Gobir. Talaka bai karanta wannan a takarda ba. A bakin makaɗan fada da maroƙa ya ji wa ya haifi wa, wane sarki ya fita yaƙi, irin su Ɗan Baskore, da yadda aka kwashe. Tambari na sarki ne shi kaɗai, haka kakaki. Ran Sallah in kin tsaya ƙofar fada, kowane basarake da takensa, kuma tsofaffi tun kafin su hango doki sun san wanda ke tafe, don ganga ta riga ta faɗi sunansa.

In kin bar fada, kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, kafin ya zama na dandalin 'yan mata da gidan biki. Maƙera suna da dundufa, mata a cikin gida suna da kiɗan ƙwarya. Wanda na fi so ki gane shi ne gangar noma, don ku yaran birni ba ku tarar da gayya ba. Samari sun jeru a gonar gero, rana ta take, hannu ya fara sanyi. Sai makaɗi ya bi bayan guda ɗaya, ya kaɗa takensa, ya kira ubansa, ya kira kakansa, ya tuna masa gonar da kakan ya nome shi kaɗai. Wallahi za ki ga yaron da ya kusa zubewa ya yi kururuwa, ya kama hauya, ƙura ta tashi, sauran su bi shi don kunya. Gonar da za ta ci mako sai a gama ta kafin la'asar. Haka filin kokowa: tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu ɗan Maraɗi ya lashe, ba a taɓa shiga fili shiru ba. Ɗan kokowa sai an kaɗa masa yake jin kansa.

To daga ina ƙyamar ta fito? Daga roƙo. Makaɗi abincinsa yana hannun wani: a ba shi riga, a ba shi doki, yau kuma a manna masa jikka a goshi. Bahaushe kuwa yana ganin mai karɓa a ƙasa yake da mai bayarwa, ko da shi ya ɗaukaka sunan mai bayarwar. Akwai kuma tsoro, wanda mutane ba su son faɗa. Bakin da ya iya yabo ya iya zambo, kuma marowacin da aka sa a waƙa ya shiga uku, yara za su yi ta rera shi har jikokinsa su ji. Mutum ba ya son surukin da yake shakkar bakinsa. A da kuma sana'a gado ce, mahauta da maƙera da wanzamai duk sun fi aure a junansu, ba makaɗa kaɗai ba. Daga baya wa'azi ya ƙara nasa. Malamai tun dā ba su shiri da goge da wasan bori, sa'an nan da Izala ta yi ƙarfi a garin nan daga shekarun 1980, gidaje da yawa suka bar kiɗan biki suka koma walima. Wannan magana ce ta kiɗan kansa, kuma kowa da malaminsa. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce aure da jikan makaɗi bai halatta ba.

Ni dai ra'ayina, an zalunci mutanen nan. Mun ajiye tarihinmu a wurinsu, mun ci amfanin gona da ƙarfin gangarsu, muka juya muka ce ba su isa ba. Mamman Shata da kalangu ya yi suna, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, amma kafin rasuwarsa a 1999 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. A ƙasarmu Nijar gwamnati ta sa wa gasar waƙa sunan makaɗi Ɗan Gurmu na Tawa. Duniyar da innarki ke jin tsoron gorinta ta daɗe da sauyawa.

Duk da haka kada ki yi mata gardama, kada kuma ki kai mata wannan takarda a matsayin hujja. Ƙanwata ce, na san halinta: gorin kishiyoyi da na dangin ubanki take gudu, kuma tsoron nata ba na banza ba ne, don akwai masu faɗa. Ki bar mini wannan. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan shigo, in Allah ya yarda, mu zauna da ita da babanki. Abin da zan sa a bincika shi ne sallarsa, da fushinsa, da yadda ubansa ya riƙe uwarsa, da ko albashinsa zai riƙe gida. In waɗannan sun yi, ni zan tsaya miki. Ki gaida innar taki da ƙannenki.