Wuƙar aljihu ta farko: amsa ga yarona mai koyon wayarin

Ɗana, ka ce ka gaji da aron wuƙata duk sanda za ka fere waya, ka tara 'yan kuɗi kana son ka sayi taka mai naɗewa. Tambayarka ita ce, "Oga, wacce zan saya da ba za ta cinye mini kuɗi ba, kuma ba za ta ba ni kunya a wajen aiki ba?" Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don haka zauna ka saurara da kyau. Abin da nake so ka nema shi ne ƙaramar wuƙa marar ado, mai baki ɗaya, wadda mahaɗinta ba ya rawa, kuma ƙarfenta yana karɓar washi a dutse. In ka samu waɗannan, sauran duk ƙari ne.

Bari in fara da wadda idonka zai fara faɗawa kanta. In ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta nan Kaduna, ko ka tsaya gaban masu baza kaya a tebur, za ka ga manyan wuƙaƙe baƙaƙe masu ƙyalli, an zana musu kan zaki ko kunama, bayansu da haƙoran zarto, wasu ma da ka danna maɓalli sai su faso da ƙara. Wuce su. Kuɗin da ya kamata a kashe a ƙarfe an kashe shi a fenti. Bayan haka, ka san garin da muke ciki. Matashi da doguwar wuƙa mai fasowa a aljihu, in aka tare shi da dare a Tudun Wada ko Rigasa, kafin ya gama bayanin cewa shi mai wayarin ne an riga an yi masa kallon ɗan sara-suka. Ba na son a kira ni ofishin 'yan sanda a kanka saboda abin da ba shi da amfani ko a aikinmu. Bakin da tsawonsa bai wuce santimita 7 zuwa 9 ba ya ishe ka yanka kebul, da igiya, da kwali, da tef. Kuma in ba aiki kake ba, bar ta a jakar kayan aiki tare da filaya da tasta, a nan kowa ya gan ta ya san me take yi.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin asara: mahaɗi, wato ƙusar da bakin wuƙar ke juyawa a kanta. Wuƙar mahauci ƙarfe ɗaya ce daga tsini har ƙota, ba ta da wurin lalacewa. Mai naɗewa kuwa rayuwarta duka tana kan wannan 'yar ƙusa. Saboda haka kada ka yarda a miƙo maka ita a cikin kwali a ce "sabuwa ce dal." Ka ce a fito da ita. Buɗe ta har ƙarshe, ka riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ka kama bayan bakin da yatsu biyu na ɗayan hannun, ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. In ka ji ɗan ƙas-ƙas ko ka ga tana motsi, ajiye masa abarsa. Wadda ke rawa tun tana sabuwa, bayan wata guda na aiki sai ta koma lilo. Rufe ta kuma ka ɗaga ta saitin haske, ka leƙa ta tsakiya: bakin ya kwanta a tsakiyar ƙotar ne, ko ya karkace yana gogar gefe? Shafa yatsa a hankali wajen da tsinin ya kwanta, ka tabbata ya shige ciki sarai, domin tsinin da ya leƙo waje zai tsarge maka yatsa ranar da ka zura hannu aljihu da gaggawa. In mai kaya yana da guda biyar iri ɗaya, gwada su duka biyar, ba za su zama daidai ba. In ya ɓata rai don kana gwadawa, akwai wani teburin a gaba. Sannan in ka samu wadda mahaɗinta sukuru ne da ake iya ɗaurewa, ta fi wadda aka buga wa ƙusa aka daddage, don in ta saki za ka iya ƙara mata ɗauri da kanka.

Sai abin da ke riƙe baki kada ya rufo maka a kan yatsu. Akwai waɗanda sifirin ne kawai ke tokare su, babu makulli, kamar yawancin ƙananan wuƙaƙen kamfanin Victorinox. Akwai masu makulli a bayan ƙota da sai ka danna kafin su rufe. Akwai masu ɗan fallen ƙarfe a cikin ƙota da ke zamowa ya tokare gindin baki, su ne suka fi yawa a kasuwa yanzu. Ga mai koyo, ni na fi son mai makulli. In irin ta ƙarshen ce, leƙa ka ga fallen nan ya hau gindin bakin sosai, ba wai ya ɗan taɓa gefe kawai ba. Kawar da yatsunka daga hanyar kaifi, ka danna bayan bakin da ƙarfi kamar za ka rufe. Makullin kirki ba ya ko gezau.

Maganar ƙarfe ita ce wadda 'yan kasuwa suka fi ruɗa yara da ita. Kashi biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai yin tsatsa, akwai wanda muke ce wa silba, wanda aka garwaya masa sinadarin kuromiyam, a wuƙaƙe yawanci wajen kashi 13 cikin 100, shi ke hana tsatsa kama shi da wuri. Baƙin ƙarfe yana yin kaifi mai daɗi, kuma wasa shi ba wuya. Amma ka tuna daminar Kaduna, musamman watan Agusta da ko rigar da ka rataya ba ta bushewa, ga gumin aljihu. Wuƙar baƙin ƙarfe da ka yanka lemo da ita ka naɗe ba ka goge ba, gobe da safe za ka tarar da ja-ja a bakinta. Ga yaron da ke wuni kan tsani yana zufa, silba ta fi kwanciyar hankali.

Sai dai silba suna ta tara. Duba gindin bakin, sau da yawa akan buga wasu lambobi. In ka ga 3Cr13, ma'anarsa kabon ɗin da ke cikin ƙarfen wajen kashi 0.3 ne cikin 100, kuromiyam 13. Kabon shi ke ba ƙarfe tauri, don haka wannan mai laushi ne, da wuri yake dakushewa. In ka ga 8Cr13MoV, kabon ya kai wajen kashi 0.8, zai riƙe kaifi fiye da wancan, kuma har yanzu dutsen gida yana cin sa. Dukansu ƙarafan ƙasar Sin ne, kuma kada wani ya ce maka duk abin da ya fito daga can banza ne; akwai masana'antunsu da ke yin wuƙar kirki da wannan ƙarfe na biyu a farashin talaka. Wadda aka rubuta mata kalmar Turanci ɗaya kawai ta cewa ba ta tsatsa, babu lamba, babu sunan kamfani, mai yin ta ba ya son ka san abin da ya zuba ne. Ita ma lambar ba rantsuwa ba ce, kowa na iya buga ta. Je Panteka ka tsaya wajen maƙera masu ƙera wuƙa da sifirin mota, za ka ga ba ƙarfen kaɗai ke magana ba, har da yadda aka gasa shi ya yi ja, aka tsoma, aka sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi tsinkewar gilashi. Kamfanin da ya yi ha'inci a wannan mataki, ko wace lamba ya buga, wuƙarsa ba za ta riƙe kaifi ba. Shi ya sa suna ke da daraja.

Sunaye uku zan ba ka, waɗanda in ka ci karo da na ainihi, a gwanjo ko a intanet, ba sai ka yi dogon tunani ba. Opinel ta Faransa ce, tun 1890 ake yin ta, ƙotarta itace, tana da zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa ya kulle baki, wanda suka ƙara mata a 1955. Mai lamba 8, bakinta santimita 8.5, ita ce daidai hannu, kuma ana yin ta da baƙin ƙarfe da silba. Bakinta siriri ne, yana shiga robar kebul ba tare da ka yi kokawa ba. Aibinta ɗaya a wajenmu: itacen kan sha laima da damina ya kumbura har buɗewa ta yi tauri, in hunturu ya shigo ya bushe ta saki. Okapi kuwa a Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902 domin kasuwar Afirka, daga 1988 aka mayar da aikinta Afirka ta Kudu. Baƙin ƙarfe ce, sau da yawa ba ta zuwa da kaifin kirki sai ka wasa da kanka, amma tana da juriya kuma ba ta da tsada. Ta ukun Victorinox ta Suwizalan, mai jar ƙota, kamfanin da ya faro a 1884. Ta fi su kuɗi, kuma ita aka fi yi wa jabu. Ta ainihi tana da sunan kamfanin a buge a gindin babban bakin, tsaf-tsaf, kuma kowane baki na buɗewa ya rufe da ƙas mai tsabta. In aka ce maka Victorinox ce a kuɗin farantin shinkafa, ka san amsar. Kuma kada yawan bakuna ya ja ka. Jabu mai baki goma sha biyu, babu ko ɗaya da ke yanka.

An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ba na son ka zuba kuɗin wata guda a wuƙar farko. Wuƙar farko takan faɗo daga silin, takan ɓace a gini, aboki kan ara ya manta. Abin da ya fi wannan, a kanta za ka koyi washi, kuma hannun mai koyo sai ya kankare gefe ya ci ƙarfe kafin ya daidaita. Sayi wadda in ta ɓata za ka ji zafi amma ba za ka kasa barci ba, ka rage canji ka sayi dutsen wasa wuƙa mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi.

Washin ba sihiri ba ne. Jiƙa dutsen, kwantar da bakin a kansa, sannan ka ɗaga bayan kaɗan, wajen digiri 20. Hanyar gane shi: tsayar da wuƙar cak a kan dutse, karkata ta rabi, sake karkata ta rabin wannan, ka iso wurin. Riƙe hannunka a haka, ka ja daga gindi zuwa tsini, gefe ɗaya, har sai ka shafa ɗayan gefen ka ji wani ɗan kaushi siriri ya tashi tun daga gindi har tsini. Wannan kaushin shi ne shaidar ka kai bakin kaifi. Juya ka yi wa ɗayan gefen haka, ka koma fuska mai laushi da hannu marar nauyi, ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata. In ta yanka takardar jarida sumul ba ta yage ba, ta yi. Abu ɗaya na hana ka: kada ka kai ta injin wasa ƙarfe na masu walda. Yana zafafa bakin, da ka ga ya yi shuɗi-shuɗi to taurin wurin ya tafi, kuma dutse ba zai dawo da shi ba sai an cinye wajen gaba ɗaya.

A wajen aiki kuma, wuƙa ƙarfe ce, wuta na bin ta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma "an ɗauke wuta" ba kariya ba ce, don ana iya dawo da ita ko maƙwabci ya tada janareto kana tsakiyar yanka. Kashe daga babban makunni, sa tasta, sannan ka fito da wuƙa. In za ka fere waya mai lambar kauri 1.5 ko 2.5, kada ka tsayar da kaifi ka zagaye ta da ƙarfi, za ka yi wa jan ƙarfen ciki tsaga, a nan ne wayar ke karyewa cikin soket ko ta riƙa zafi bayan mun tafi. Kwantar da bakin kamar mai feƙe fensir, ka tura nesa da jikinka. Kada ka murɗa sukuru da tsininta, kada ka ɓamɓare murfin akwati da ita. Duk wuƙar da ka gani da karyayyen tsini, wannan aikin aka sa ta.

Ƙurar siminti da ta hunturu sukan taru a mahaɗi su sa ta cije. Sa tsinken sakace ko tsohon buroshin haƙori ka fitar da dattin, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, ka buɗe ka rufe har ya shiga, ka goge sauran da tsumma. In za ka riƙa yanka mangwaro ko rake da ita, to shafa wa bakin man gyaɗa kaɗan maimakon man inji, ka goge shi ya bushe kafin ka naɗe.