Kafin ka cire tsohon furosesan nan

To ɗana, na ji tambayarka. Mai haɗa bidiyon biki ya kawo kwamfutarsa mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 3 3200G a kan madabod B450 (babban faifan da ake jona komai a kai), yana so a ɗora masa Ryzen 7 5700X. Kai kuma kana ganin tunda duka soket ɗin, wato mazaunin furosesa, AM4 ne, cirewa da sawa ne kawai.

Zai zauna a soket ɗin, ba musu. Amma zama daban, tashi daban. B450 ta fito tun 2018, shi kuwa 5700X sai 2022, don haka BIOS ɗin da ke ciki, wato manhajar da ke tada madabod, mai yiwuwa bai san da shi ba. Sabunta BIOS tukuna, tsohon furosesan yana nan a wurinsa. In ka riga ka cire shi, fanka za ta yi ta juyi, allo baƙi ƙirin, sai ka sake kwance abin da ka ɗaura. Sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin madabod, lambar madabod ɗin ta zama daidai ba mai kama da ita ba. Kuma kada ka kuskura ka yi a kan wutar NEPA tsagwaronta. Jona a inbata ko UPS, don in aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin, madabod na iya tafiya ke nan, kuma mu za mu biya.

Yanzu ga inda yara irinku suka fi faɗawa. Leƙa bayan akwatin, ina wayar allo take shiga? In a jikin madabod take, to 3200G ne ke fitar da hoton da kansa. Shi 5700X ba ya fitar da hoto ko kaɗan, dole sai da katin hoto na daban. Ka ga mutum ya zuba kuɗinsa, an yi komai daidai, amma allo shiru, ya ce mun sayar masa da gawa. Don haka kira shi tun yau ka tambaye shi ko akwai kuɗin kati. In babu, ni 5700G zan ba shi shawara. Shi ma kwa (sassan da ke aiki a cikin furosesa) takwas ne, ninkin na yanzu, kuma yana fitar da hoto. Bai kai X ɗin ba, amma kwamfuta za ta tashi.

Wajen cirewa, bar na'urar ta yi aiki ta ɗan ɗumama, sannan ka murɗa fankar a hankali kafin ka ɗaga. Man sanyaya da ke tsakanin fanka da furosesa kan bushe ya manne, in ka fizga sai furosesan ya biyo ta, filolinsa su lanƙwashe. Goge tsohon man tas, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. 5700X ba ya zuwa da fanka a kwalinsa, ƙaramar da ke kai kuwa ba zan amince mata da awannin fitar da bidiyo a zafin Afrilu ba. A sayi babba.

Kafin ka rufe, duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. In guda ɗaya ce, a ƙara mata ta biyu irinta. In har yanzu tsohon had-dis (faifan ajiyar fayil) mai juyi ne a ciki, faɗa wa mai kwamfutar SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, ma na cikin lissafi, kada ya dawo jibi yana cewa bai ga bambanci ba.