Kafin Ki Nemi Lauya, Nemo Takardar da Kuka Sa wa Hannu

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila suke, kuma duk a kan gidajen kula da tsofaffi.

Ina zaune a Bronx, a birnin New York. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, asibiti ya tura ta gidan kula da tsofaffi wata bakwai da suka wuce. Ranar Asabar na je zan sauya mata zane, na ga gyambo a ƙugunta ya yi rami, har yana wari. Ba wanda ya gaya mini. Tun ranar ban runtsa ba, ga 'yan'uwa daga gida suna cewa ni na jefar da ita. Me zan yi?

Sannu, 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Masu yi miki gori ta waya ba su taɓa tashi daga aikin dare sun zo sun ɗaga babba daga gado su kaɗai ba. Ki bar su da maganarsu, ki fuskanci gyambon.

Irin wannan miki kwanciya a ɓari ɗaya ke kawo shi. Marar lafiyar da ba ya iya motsi ana juya shi ne kusan duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige. Kafin fata ta yi rami an ɗauki kwanaki, wani ya gani ya yi shiru, ko kuma ba wanda ya duba. Dokar tarayya ta 1987 mai kare mazauna waɗannan gidaje ta haramta sakaci, ƙa'idojinta kuma sun wajabta a sanar da wakilin marar lafiya idan jikinsa ya sauya sosai.

Yau ɗin nan ki ce likita ya duba ta. In da zazzaɓi ko ta fara rikicewa, a wuce asibiti. Ki ɗauki hoton mikin, ki ajiye kwabo a gefensa don a ga girmansa, ki riƙa ɗauka duk zuwan da kika yi. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta rana da lokaci da sunan nas ɗin da kika yi magana da ita. Sannan ki nemi fayil ɗinta a rubuce. In ke ce wakiliyarta a hukumance, dole a nuna miki cikin awa 24, ban da ranakun hutu, a ba ki kwafi cikin ranakun aiki biyu. Ki kira ofishin Ombudsman, mai karɓar koken mazauna waɗannan gidaje, kowace jiha tana da shi, kyauta ne, ki kuma kai koke ma'aikatar lafiya ta jihar New York, su ke turo masu bincike ba sanarwa. Kada tsoron za su huce a kanta ya rufe miki baki. Ramuwa a kan mai koke haramun ce a dokar, kuma a mafi yawan lokuta ba sa iya sallamar ta sai da sanarwar kwana 30, wadda kike da damar ƙalubalanta.

Maganar diyya kuwa, kina da hujjar da ta isa ki zauna da lauya, kuma kada ki yi jinkiri: a New York wa'adin wasu ƙararrakin shekara biyu da rabi ne, wasu uku. Amma abin da zai fara tambayar ki shi ne takardun ranar shiga, kuma a nan nake da magana da mu duka.

Mutanenmu suna ba ni mamaki. Mace za ta ƙwanƙwasa kankana sau biyar kafin ta saya, ta murje atamfa ta ga ko za ta zuba, ta yi rabin awa tana ciniki a kan dala biyu. Ita ɗin ce kuma za a miƙo wa shafi arba'in ranar da za a kwantar da uwarta, ta sa hannu tana kallon agogo. A cikin shafukan nan ake cusa yarjejeniyar cewa in an samu saɓani ba za a je kotu ba, sai gaban wani mai sasanci, a ɗaki a rufe, ba masu taimaka wa alƙali, ba ɗaukaka ƙara sai da ƙyar. Tun 2019 ƙa'idar gwamnatin tarayya ta ce gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati, ta farko ta tsofaffi, ta biyu ta masu ƙaramin ƙarfi) ba shi da ikon cewa sai an sa wa wannan shafi hannu za a ba da gado, kuma wanda ya sa yana da kwana 30 ya janye. Mutum nawa ne a cikinmu suka san haka? Akwai kuma wani layi da ake so ɗa ko 'ya su sa hannu a matsayin mai ɗaukar nauyi. Doka ta hana a tilasta wa dangi lamunin biya daga aljihunsu, amma wanda ya sa hannu bai duba ba, zai iya wayar gari da takardar bashi a akwatin gidansa.

Na taɓa raka kawuna wani gida irin wannan. Matar ofis ta riga ta manna 'yan tutoci masu ruwan ɗorawa a duk inda take son hannu, tana buɗe shafi da yatsa ɗaya tana miƙo biro da ɗayan hannun. Na ce zan tafi da su gida na karanta. Ta ɓata fuska, ta ce ai kowa haka yake sawa. Washegari na dawo na tsallake shafi biyu, ba wanda ya ce uffan, gadon yana nan. Kunya ce ke cin mu, kada Bature ya ce mun cika tambaya.

Ke dai kwana 30 ɗinki sun wuce, amma kada ki karaya. Ki kai wa lauya takardun gaba ɗaya. Wa ya sa hannu, kuma yana da takardar wakilci a lokacin? Kotuna sun sha watsar da irin wannan yarjejeniya saboda amsar tambayar nan.

Na ga allon talla a Houston, wani lauya ya karɓo wa mutane miliyoyi. Baba ya zame a banɗaki a gidan da yake, ya kuje gwiwa, ya warke. Nawa zan samu?

Malam, gwiwar Baba ce ko taka? In ma akwai kuɗi, nasa ne. Kuma babu lauyan da zai ɗauki ƙarar kujewar da ta warke, domin su ma kasuwa suke: ba sa karɓar komai a farko, sai su yanki kashi ɗaya cikin uku zuwa 40 cikin 100 in an ci, ban da kuɗin likitan da zai ba da shaida. Medicare da Medicaid su ma su zo su karɓi abin da suka kashe a jinyar raunin. A Texas, jihar da Houston take, diyyar raɗaɗi da wahala a kan gida ɗaya ba ta wuce dala 250,000. Abin da ya rage in ya faɗa asusun Baba ba tsari, yana iya fitar da shi daga Medicaid, ka koma biyan gidan da kuɗinsa ke haura dala dubu 100 a shekara a wurare da yawa. Allon talla bai faɗi wannan ba. Je ka tambaye su me ya kai Baba banɗaki shi kaɗai, ya danna ƙararrawa ba a zo ba ne, ko an sauya masa magani. Wanda ya faɗi sau ɗaya yana kan hanyar na biyu, na biyun kuma sau da yawa ƙashin ƙugu ne.

Akwai 'yar kyamara mai kama da agogo a intanet, dala 25. In saya in ɓoye a ɗakin Inna?

Kada ki ɓoye. Jihohi da dama, Texas tun 2001, sai irin su Illinois, sun yarda a sa kyamara a fili, da izinin marar lafiya da na abokiyar ɗakinta, da sanarwa a ƙofa. Naɗar muryar mutane a asirce kuwa laifi ne a wasu jihohi, sai ki tafi neman hakki ki dawo da tuhuma. Ki fara duba dokar jiharku. Ta dala 25 ɗin ma, araha ba ta ado: dare na yi, sai inuwoyi. Ki tuna kuma a ɗakin nan ake yi wa Inna wanka, ki yi tunanin inda hoton yake zuwa.

Muna Birmingham, za mu zaɓa wa surukina gida. Ɗaya yana da lambu da kujerun alfarma, ɗayan tsohon gini ne amma kusa da mu.

Lambu ba ya juya marar lafiya. Ku karanta rahoton CQC, hukumar da ke duba irin waɗannan gidaje a Ingila, na kowanne, har cikinsa, kada ku tsaya a makin da ke sama. Ku je ba sanarwa, ranar Lahadi da yamma. Ku shaƙi iskar baranda, ku duba ko kofin ruwa yana inda hannun tsoho zai kai, ku ƙirga minti nawa ƙararrawa ke yi kafin a amsa, ku tambayi ma'aikata nawa ke kwana. Batun abincin halal da mai yi masa wanka a rubuta shi cikin tsarin kulawa, alkawarin baki ba ya zama hujja. In sun yi kunnen doki, ku ɗauki na kusa, domin tsohon da ake leƙawa kullum ba a cika wasa da shi ba. In kun ga abin da bai yi muku ba daga baya, sashen kare manya na ƙaramar hukuma ya wajaba ya bincika a ƙarƙashin dokar kula da manya ta 2014, wa'adin ƙarar rauni kuma shekara uku ne.

Mahaifinmu ya rasu bayan sakacin da aka yi masa. Yayanmu ya ce karɓar diyya cin kuɗin gawa ne.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Diyya ai ba baƙuwa ba ce a Musulunci, ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ku da yayan naku. Amma ku yi da wuri, ba ka faɗi jiharku ba, kuma a irin su Tennessee da Kentucky wa'adin yana iya zama shekara ɗaya tak. Fayil ɗinsa kuwa ku nema tun wannan makon, ko za ku yi ƙara ko ba za ku yi ba.