Ɗiyana Uku, Kowa da Ƙofarsa: In Cire Su Daga Lakwal?

Filin Tambayi Inna Malama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna Malama, ina gajiya, ina iyali? Ɗiyana uku, maigidana kuma yana Abijan wajen nema, sai babbar salla yake zuwa. Babbar shekararta 10, tana CE2, wato aji huɗu na lakwal, makarantar boko ta firamare. Duk abin da ta ji sau biyu ta riƙe shi, a Islamiyya ita ce kan gaba wajen hadda, amma ran nan na miƙa mata takardar magani ta karanta mini, sai ta tsaya tana kallona. Mai bi mata namiji ne, shekara 8, ba ya zama wuri ɗaya kamar an zuba masa cinnaka a wando. Mushensa, malamin ajinsu, ya ce ba ya gane lissafi, alhali in na aike shi wurin mai tebur ba a taɓa cutarsa a canji ba. Autan shekararsa 6, shiru-shiru ne, ya cika mini bango da zanen gawayi, kuma in zan kira shi sai na yi sau uku. Ubansu ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, mai magana yana cewa yara kashi uku ne: mai koyo da kunne, mai koyo da ido, mai koyo da hannu, kowane sai an bi ta ƙofarsa. Maigidan ya ce tunda ajinsu a cunkushe yake, ni kuma na yi karatu har na samu BEPC, takardar gama matakin farko na sakandare, in cire su in riƙa koya musu a gida, kowa ta hanyarsa. Inna, kaina ya ɗaure. In cire su? In kuwa zan koya musu, ta ina zan fara?

Uwar yara uku, daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, gajiya ta bi lafiya. Ki gaida mutumin Abijan, ki ce na yaba masa, don uban da ke nesa yana tunanin karatun ɗiyansa ba a kowane gida ake samunsa ba. Bidiyon nasa dai, a ajiye shi gefe tukuna.

Wannan magana ta kunne da ido da hannu tsohuwa ce. Wani malami ɗan Niyuzilan, Neil Fleming, ya mayar da ita takardar tambayoyi a 1987, shi har kashi huɗu ya yi, ya ƙara masu koyo ta karatu da rubutu. Ni ma na taɓa hawa kanta na zauna. Shekarun da nake riƙe da CP, aji biyu na firamare, har alama nake sawa gaban sunan kowane yaro a kayena, littafin rubutuna, wannan na kunne, wancan na ido. Ban ga ta ƙara mini komai ba sai aiki. A 2008 wasu masana huɗu a Amurka, Harold Pashler da abokan aikinsa, suka bi binciken da aka yi a kan maganar suna neman abu ɗaya: a raba ɗalibai bisa ƙofar da aka ce ta kowa ce, a koya wa wasu ta tasu ƙofar, wasu ta wata, sannan a yi musu jarrabawa ɗaya. In maganar gaskiya ce, waɗanda aka bi ta ƙofarsu su ne za su fi cin maki. Binciken da aka yi bisa wannan tsari kaɗan suka tarar, kuma ba su nuna haka ba. Yaro na iya fi son hoto a kan surutu, wannan gaskiya ne. Amma abin da yake so daban, abin da ke sa karatu ya zauna masa daban. Ni yanzu ɗan kunnen da na yarda da shi shi ne wanda ake sawa ranar biki.

Darasi ne ke zaɓen ƙofa, ba yaro ba. Taswirar Nijar, ko wane ne sai ya gan ta da ido kafin ya san Agadas na arewa, Difa na gabas. Bambancin ƙ da k sai kunne. Tuƙin tuwo kuwa, ki yi shekara kina bayani, sai ranar da yarinya ta riƙe muciya. Ki dubi makarantar allo da muka tashi a cikinta. Yaro ya ga baƙi a allo, ya ji malam ya biya, ya ɗaga murya ya maimaita yana bi da yatsa, in ya yi ƙwari ya ɗauki alƙalami da tawada ya rubuta da kansa, kuma ba za a wanke allon ba sai ya kawo shi da ka. Daga babbaƙu zuwa farfaru ba a taɓa tambayarsa wace ce ƙofarsa ba, duka ake buɗe masa a zama ɗaya.

Ɗiyanki sun bambanta, ban musa ba. Sai dai bambancin da ya kamata ki bi shi ne inda kowane ya cije.

Da autan zan fara, don nasa ya fi gaggawa. Kin ce sai kin kira shi sau uku. Wannan layin ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki. Wataƙila hankalinsa ne ke tafiya wajen zane, wataƙila kuma ba ya jin ki sosai. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, da ƙyanda, da sanƙarau, duk suna iya barin yaro da raunin ji, mu kuma ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan tashi lokacin zafi. Ki tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki faɗi kalma a hankali ki ce ya maimaita, ki gwada ta dama, ki gwada ta hagu. Ko me kika gani, ki kai shi likita a duba kunnen, a haɗa da idon. Na taɓa riƙe wata yarinya wata biyar ina cewa mai koyo da ido ce, tunda kullum fuskata take kallo, ashe leɓena take karantawa. Har yau in na tuna sai na ji kunya. In an ce lafiyarsa lau, alhamdulillahi, zanen nan nasa jari ne: hannun da ya saba da gawayi ba ya wahala da harafi. Ki ware masa gefen bango ɗaya, in ya zana akuya ki rubuta "akuya" a ƙasa ya kwaikwaya.

Babbar kuwa, abin da ke faruwa da ita na gan shi ba adadi. Aji ya ɗauki shafi baki ɗaya da murya, ita kunnenta mai kaifi ne, kafin a zo kanta ta haddace. In an ce ta karanta sai ta zubo shi tsaf, yatsa na tafiya a kan layi, mushe ya ce madalla. Karatun aku kenan, kuma baiwarta ce ta ɓoye matsalar shekara uku. In kika bi bidiyon nan kika ce ta kunne ce, a yi ta karanta mata tana ji, kin ƙara mata abin da take da shi, kin hana ta abin da ta rasa. Ba ita kaɗai ba ce. A gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna karatun ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin karatun da ake nema ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an ɗaga zuwa wajen uku cikin goma.

Ki gwada ta da kalmomin da ba ta taɓa ji a jere ba. Ki rubuta "tasa", "sata", "tusa", ki ga ko za ta bambance su. In ta kasa, ku koma farko ba tare da faɗa ba, kuma da Hausa. Dalilina shi ne taura biyu ba ta taunuwa: yanzu ana so ta koyi haɗa baƙi, kuma ta koyi harshen da ba a yi da shi a gida, duk a lokaci guda. Rubutun Hausa bai cika yaudara ba, "ba" da "ka" su ba da "baka", yau da gobe haka suke. Faransanci kuwa, o da au da eau duk sauti ɗaya ne, kalmar oiseau kuma in kika bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba za ki taɓa isa "wazo" ba. Ba sabon tunani na kawo ba, tun 1973 aka fara makarantar gwaji da Hausa a Damagaram saboda wannan dalili. Ki yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, kowane ki rubuta gaɓa ɗaya, ba, bi, bu, ka, ki, ku, ta riƙa haɗawa tana fitar da kalma. Ranar da ta gane cewa baƙi sauti yake ɗauke da shi, za ki ga tana karanta allon shaguna a hanyar kasuwa ba wanda ya sa ta. Daga nan Faransanci ya zama koyon ƙa'idodinsa kawai, haddarta kuma a lokacin za ta yi mata rana wajen riƙe kalmomi. Abu ɗaya: kada ki yi wannan gaban ƙannenta. Yarinya mai shekara 10 da aka saba yabo, in aka mayar da ita ba-bi-bu a bainar jama'a, zuciya za ta yi.

Na tsakiyan ya ba ni dariya, don na san irinsa. Ki aike shi da dala ɗari, ya sayo omo na dala goma sha biyar da sukari na dala ashirin, zai dawo miki da dala sittin da biyar ko yatsa bai lanƙwasa ba. Gobe a rubuta masa 500 − 175 a allo, ya yi zuru. Lissafi ɗaya ne, amsar 325, amma shi bai san ɗaya ba ne, don a gida da dala muke ƙirga, a lakwal da sefa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce kowace dala sefa 5 ce. A 1985 masu bincike a birnin Resife na Barazil sun tarar da haka ga yara masu talla: a bakin ciniki suna ba da amsa daidai, a takarda lissafin nan dai ya gagare su. To ɗanki ya iya lissafi, rubutunsa ne bai iya ba. Ki buɗe masa tebur a tsakar gida da gwangwanaye da kuɗi na gaske, shi ne mai kaya, amma duk cinikin da ya yi sai ya rubuta shi a kaye, dala a hagu, sefa a dama. Jadawalin 5 zai shige shi bai sani ba. Wajen aro a lissafin ragewa, ki ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma da roba, in zai cire 7 daga 32 ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa ya ga inda goman ta fito. Wannan dabara ba don shi "na hannu" ba ne, ƴar uwarsa ma ta yi, haka ake koyon aro. Rashin zama kuwa, shekara 8 ce. Minti goma sha biyar, ya tashi ya ba awaki ruwa, ya dawo.

Sai maganar cirewa. Kada ki cire su. Na san ajin da kike nufi, na koyar a wanda yara huɗu ke kan benci ɗaya wasu na ƙasa. Amma na gwada koyarwa a gida da jikokina lokacin da korona ta rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni na 2020, ni da na yi shekara talatin da alli a hannu, kuma kwana nawa suka tafi a baƙi da suna da gaisuwar rasuwa, ban ƙirga ba. Ke ga girki, ga ruwa, ga maigida ba ya nan. Tsorona ma ya fi yawa a kan babbar. Yarinyar da ta zauna gida, ba da niyyar kowa ba, ita ce za ta zama mai wanke-wanke da aike, karatu ya koma sai in an samu sarari. Lakwal kuma tana ba su abin da ba ki da shi a tsakar gida: jin Faransanci kullum, da suna a rajista, da hanyar jarrabawa, da sa'o'insu.

Abin da lakwal ta kasa ba su shi ne mutum ɗaya da zai zauna ya ga inda kowane ya tsaya, wannan kuwa ke ce. Awa ɗaya ta isa, bayan magariba da fitila mai sola, ko da sanyin safiya ranar da ba lakwal in zafin Afrilu ya shigo. Ki fara da labari ko tatsuniya su uku tare, sannan kowa kwata ɗaya shi kaɗai, sauran na aikinsu. Kafin sabon darasi, a rufe kaye ki tambayi na jiya da na makon jiya, yadda malam ke karɓar tilawa. Ƙoƙarin tunowa shi ke kafa abu a ka, ya fi a yi ta sake dubawa. Ki je ki gaida mushen na tsakiyan da kayen cinikin a hannu, cikin girmamawa, ya ga abin da yaron ke iyawa. Mai Abijan kuma a ba shi nasa aikin: ranar Lahadi babbar ta karanta masa layi uku ta waya. Ki rubuto mini abin da likita ya ce game da kunnen auta.

TAMBAYA: Malama, ɗana bahago ne, kakarsa na bugun hannunsa duk lokacin da ya ɗauki bik. Ta ce in ba a hana shi yanzu ba ya lalace. Me kika gani?

Wani uba, daga Yamai

AMSA: Malam, a gaida Hajiya, a kuma roƙe ta ta sassauta. Wajen mutum ɗaya cikin goma bahago ne, haka Allah ya yi su. Ci da sha da gaisawa da dama, wannan tarbiyya ce, a koya masa da lallashi, zai iya. Rubutu kuwa a bar masa hagunsa, tilas ba ta haifar da komai sai mugun rubutu da ƙin makaranta. Ka karkata masa kaye kaɗan zuwa dama, ya riƙe bik nesa kaɗan da bakinsa don ya ga abin da yake rubutawa, ka kuma roƙi mushe ya zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. In Hajiya na son ganin amfanin abin, ta leƙa allonsa: rubutun Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, hannun bahago ba ya bi ta kan ɗanyar tawada.