Likita na nan, amma an ɗage aikin Inna

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa aka ɗage aikin Inna a Gusau wai babu nas ɗin tiyata alhali asibiti cike da nas. Wallahi ba kowace nas ke shiga tiyata ba, sai ta gama karatun jinya ta ƙara kwas na musamman, ita ke miƙa wa likita almakashi da zare, ta ƙirga auduga da kayan aiki kafin a ɗinke ciki kada a manta wani abu a ciki. Irinsu kaɗan ne, masu gogewar kuma Saudiyya da Ingila na kwashe su saboda albashi. Ka koma ka nemi a rubuta maku sabuwar rana, Allah ya ba Inna lafiya.