Na ce "to" a waya, sharaɗin biyana ya canza ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Lauya. Ni akanta ne a Aboabo, Kumasi, ina yi wa wani kamfani aikin ba da shawara. Takardarmu ta ce a biya ni duk ƙarshen wata. Manaja ya kira ni ya ce daga yanzu sai bayan wata uku-uku, kunya ta sa na ce "to, ba komai". Abokaina sun ce tunda ban sa hannu ba, babu abin da ya kama ni. Ga kuɗin makarantar yara a gabana, na kasa barci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kamfani ba shi da ikon canza lokacin biya shi kaɗai, sai da yardarka. Matsalar ita ce ka riga ka furta abin da ya yi kama da yarda.

Wannan magana ta "ban sa hannu ba" ta ishe ni. Kullum sai an shigo ofishina da ita, kuma daga wurin shan ataya ake ɗauko ta, daga bakin waɗanda ba su taɓa buɗe littafin doka ba. Dokar kwangila ta Gana ta 1960 ta bayyana cewa rashin rubutu kaɗai ba ya rushe yarjejeniya, in ban da wasu 'yan nau'o'i kamar tsaya wa wani a kan bashi. Baki yana ɗaure mutum. Saƙon WhatsApp ma hujja ne, domin dokar Gana ta 2008 kan mu'amala ta na'ura ta amince da irin wannan rubutu. Mafi muni shi ne shiru: ka ci gaba da aiki, wata uku ya cika, kuɗi ya shigo MoMo ka karɓa ba ka ce uffan ba, lauyansu zai ce aikinka ya tabbatar da yardarka. Ranar nan masu ataya ba za su raka ka kotu ba. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta umarce mu da rubuta bashi, me ya kai mu wasa da wannan?

Ɗauko kwangilar yau ka nemi sakin da ya ce ba a gyara ta sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu. In akwai shi, ka samu madogara mai ƙarfi. Ko akwai ko babu, aika wa manaja wasiƙa cikin ladabi: ka ji bayaninsa, ba ka amince da sauyi ba, kana nan a kan biyan wata-wata. Ka tura takardar neman kuɗinka a lokacin da ka saba.

In kuma ba ka son rasa su, ku rubuta gyaran a ƙarin takarda: ranar da zai fara, ranar da zai ƙare, da wani kaso da za a ba ka tun farko, tunda darajar sidi ba ta zama wuri ɗaya. Ka sa su rubuta cewa za su riƙa ba ka shaidar harajin kashi 7.5 da suke cire wa GRA, hukumar haraji ta Gana, a kowane biya.