Muryar maigidana ta dishe bayan dashen huhu, wai beli ne?

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da aka yi wa maigidana dashen huhu a Indiya. Har yau muryarsa a dishe take kamar mai raɗa, kuma in ya sha ruwa sai na ji tana gurgur, amma ba ya tari. Yayyensa sun ce beli ne, a kira wanzami. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba.

Jijiyar da ke motsa tantanin murya na hagu sai ta gangara ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar hanyar jini ta zuciya, sannan ta hauro maƙogwaro. Nan kuwa ake aikin, shi ya sa take yawan taɓuwa. In tantanin ya kasa rufewa, murya ta dishe, ruwa kuma ya sami hanyar huhu. Rashin tarin nan ya fi damuna. Wajen dashe an yanke jijiyoyin sabon huhun, don haka mutum yana iya ƙwarewa bai sani ba, sai nimoniya ta bayyana.

Maganar beli kuwa, wallahi na gaji da ita. Yaro ya yi tari, beli. Tsoho ya ƙi abinci, beli. Yanzu har wanda aka buɗe wa ƙirji? Beli yana can sama a ganɗa, murya tana ƙasa, ina haɗinsu? Aikinsa ma taimakawa wajen toshe hanyar hanci lokacin haɗiya, cire shi ƙarin wahala ne. Ga mutum yana shan tacrolimus, an danne garkuwar jikinsa da gangan don kada ya ƙi huhun, sannan a sa masa askar da ta shiga bakin wani jiya. Ciwon da zai warke wa yayyensa cikin mako, shi yana iya kai shi kabari, kuma zazzaɓin ma ba lallai ya fito ya gargaɗe ku ba. Ko surukarki ce ta kawo wanzamin, ki tsaya a bakin ƙofa.

Ki kira likitocin da suka yi dashen yau, a haɗa ku da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zura kyamara ta hanci ya ga haɗiyarsa. Jijiyar takan farfaɗo cikin wata 6 zuwa 12, kafin nan ana iya yi wa tantanin allura ya rufe. Ya riƙa ci a zaune, kaɗan-kaɗan, kada ya kwanta da gama cin abinci.